Ɓerayen da suka ƙi ƙarewa a gidana

Ya jama'a, yau na gano inda ɓerayen gidana suke fitowa.

Wata biyu ke nan suna cinye min dawar da na ajiye ta iri. Maƙwabciyata Hajja Sakina, wadda kullum muke shan gahawa tare, ita ce mai ba ni dabara. Ta ce in zuba barkono a ramuka, na zuba. Ta ce ganyen na'ana'a, na sayo tun daga birnin Sinnar. Ko ɗaya bai ragu ba.

Ɗazu da safe na hau benci zan shanya tabarma a katanga. Sai ga Hajja ta miƙo tarkon waya ta saman katangar, tana zazzage ɓeraye uku masu rai cikin gidana!

Na ce, "Hajja, mene ne haka?"

Ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri ƙanwata, ni ba na iya kashe rai. Na ga ke kina da ƙarfin hali."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun girbi."

Kuma wallahi tarkon nawa ne. Ni na ara mata, da na nema ta ce ya ɓata.