Haula Mai Cuku da Talhon Ɗan Fari

Duk wanda ya taɓa jiran motar Maradi a tashar Dakoro ya san Haula mai cuku, kuma da wuya a ce bai taɓa shan faɗanta ba. Tsohuwa ce 'yar firit, amma bakinta ya fi jikinta. Abin da ta fi tsana shi ne ka tsaya gaban tirenta kana taya cuku, kunnenka na manne da talho. Sai ta rufe kayanta da faifai ta ce, «Gama da na nesa tukuna, mu na kusa ba mu da sauri.» Masu yi wa mutum bip, wato su kira su katse, kuwa, cewa take sun ƙwanƙwasa ƙofa sun ruga.

Sai dai gwanar dokar nan tana da tata. Ɗanta na fari, Zakiru, yana can arewa wajen haƙar zinariya, shi ya ma aiko mata da talhon da take riƙewa. Haula kuwa mutuniyar dā ce: ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, balle a gaban jama'a. In ya kira, sai ta miƙa wa ɗiyarta Kausar, ta kau da kai tana gyara cukun da ba ya bukatar gyara.

«Ki ce ma wancan yaron ya riƙa cin abinci,» in ji ta.

«Inna, ai yana jin ki.»

«Ni da ke nike.»

'Yan tasha su yi ta dariya. Amma kowa ya san tana son yaron nan kamar ranta, domin talhon a ƙulle yake a bakin zanenta, ko alwala za ta yi ba ta ajiye shi nesa.

Bana aka kai Kausar ɗakin miji a Sabon Maci. Wata ranar kasuwa da hantsi, tasha ta cika maƙil, talho ya yi ƙara. Haula ta miƙa wa Halidu, direban da ke shan inuwa kusa da ita. Halidu ya saurara, dariyar fuskarsa ta ɗauke.

«Inna, ɗanki ne, rami ya rubza mishi a ƙahwa. Yana likita, yanzu za a shiga da shi aiki. Ya ce yau ba ya son ɗan saƙo, ke yake so.»

Haula ta dubi talhon, ta dubi mutanen da suka yi cirko-cirko suna kallonta. Tun da ta haife shi ba ta taɓa yi masa maganar uwa da ɗa a idon mutane ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba: kada a shiga da yaron nan bai ji muryarta ba. Ga kunya kuma ta riƙe mata harshe.

Halidu ya ajiye mata talhon a tafin hannu, ya juya mata baya, ya buɗe murya iya ƙarfinsa: «Maradi! Maradi! Saura mutum guda!» Alhali motarsa ko rabi ba ta yi ba. Sauran direbobi suka gane, suka kama. Mai shayi ya ƙure rediyonsa. Matan da ke gefenta suka hau cinikin ƙarya da juna, ba wadda ta waiwayo.

A tsakiyar hayaniyar nan Haula ta ja mayafi ta rufe kanta, ta kai talhon kunne.

«Inna?» in ji Zakiru, muryarsa can ƙasa. «Ke ce da kanki?»

«Ni ce,» ta ce, hawaye na zuba. «Kak ka ji tsoro, ɗana. Ina nan, ba ni kashewa sai sun zo ɗaukar ka.»