Harshen da Malam Sabo Ya Ara

Ina cikin kaɗa farin ƙwai da hantsin Talata wayata ta yi ƙara. Isa direba ne, wanda suke ɗaki ɗaya da Malam Sabo a unguwar Gubaira, a nan Riyad. Ko sallama bai yi ba. "Garba, Malam ya cika, yanzu a asibiti." Na kashe injin, na zauna a kan buhun fulawa ina ta salati. A gaban kanti kuwa masu saye suna ta nuna kek ɗin tiramisu da yatsa ta bayan gilashi, babu wanda ya san wanda ya koya mana yin sa ya bar duniya.

Malam Sabo mutumin Zariya ne. Ya zo Riyad da ƙuruciyarsa, ya fara da wanke tukwane a kicin ɗin wani otal, inda ya yi aiki a ƙarƙashin Turawa masu yin kayan zaƙi, har ya gwanance. Da na samu aiki a kantin kek ɗin da ya koma, shi ne babba, kuma duk abin da na iya a hannunsa na koya.

Akwai kek ɗin Jamusawa da ake kira Baƙin Daji, na cakulan da ƴaƴan itacen ceri da kirim, wanda a ƙasarsu da giya ake jiƙa shi. Malam ya daɗe yana dafa ruwan ceri da kanumfari, yana zubarwa yana sakewa, har ya samu ɗanɗanon da ya gamsar da shi. Idan ya ƙona sukari a saman kirim burule na Faransawa, sai ya ƙwanƙwasa da bayan cokali ya kasa kunne. In bai ji ƙaras ba, ba za a fitar da shi ba. Yakan ce mana, "In madara tana kan wuta, ko mai kanti ne ya kira ka, ya jira." Ranar Juma'a kuma yakan tattara ƙananan biskit ɗin makaron da suka farfashe ya kai wa ƴan uwanmu leburorin gini, su kuwa suna kiransu alewar Malam. Maganar da ya fi maimaitawa ita ce, "Abin da ba ka ɗanɗana ba, kar ka miƙa wa ɗan mutane."

Sai ciwon suga ya kama shi, likita ya hana shi zaƙi ko na bakin cokali. A lokacin Nura yana tare da mu. Ɗan maƙwabcinsa ne a Zariya. Malam ne ya yi ta roƙon mai kantin har aka kawo shi, aka yi masa iƙama, wato takardar izinin zama, a ɗakin Malam ya sauka, a kwanonsa ya ci. Wata rana a gabana Malam ya miƙa masa cokalin tiramisu ya ce, "Nura, daga yau kai ne harshena. Ka ɗanɗana ka faɗa mini gaskiya. Amma maganar nan ta tsaya a tsakaninmu." Nura ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, ko da wuƙa a wuyana."

Ba a daɗe ba mai kantin ya kira Malam ofis. Ya ce an gaya masa komai, kuma mai girkin da ba ya ɗanɗanawa ba shi da amfani a kicin. "Halas," in ji shi da Larabci, wato shi ke nan. Aka mayar da dattijon nan ma'ajiyar kaya a Birnin Masana'antu na Biyu yana naɗe kwalaye, a tsaye cikin zafi. Washegari Nura ya shigo sanye da doguwar farar hular Malam.

Na tare shi a bakin firji. "Kai ne?" Bai ko sunkuyar da kai ba. "Yaya Garba, ai ba ƙarya na yi ba. Ni ma ina da iyali." Na je wajen mai kantin na shaida masa tun da ciwon ya zo ko faranti ɗaya ba a taɓa dawo da shi ba. Bai ɗago daga wayarsa ba.

Da na kai wa Malam ziyara raina a ɓace, na tarar yana wanke gyambon da ya fito masa a ƙafa. Na fara zagin Nura, ya ɗaga mini hannu. "Bar shi, Garba. Ka dai ce wa yaron ya rage sukari a kirim ɗin panakota, hannunsa yana da nauyi." Daga nan ya juya fuska bango. Har ya rasu ban ƙara jin ya kama sunansa ba. Wannan gyambon ne ya ci gaba da cinsa har ya kwantar da shi.

Ranar da ya cika, bayan la'asar muka sallace shi. Direbobi sun zo, leburori sun zo da ƙurar siminti a jikinsu. Nura bai zo ba, wai akwai kek ɗin biki da ake jira. Wataƙila Malam ya yafe masa kafin ya tafi, halinsa ne. Ni dai zuciyata ba ta kai can ba tukuna, kuma gobe a teburi ɗaya za mu tsaya aiki.

Allah Ka jiƙan Malam Sabo, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa a wannan ƙasa da ya ƙarar da ƙarfinsa a cikinta. Ka sa ciwon da ya sha da baƙin cikin da ya haɗiye su zama kaffara. Ka ba matarsa Hajiya Rabi da yara haƙurin rashinsa, musamman ƴar autarsa Hauwa, wadda za a ɗaura wa aure bayan sallah, wadda ya yi wa alkawarin zai dawo gida ya yi mata kek da hannunsa. Amin.