Garwashi Aka Ba Ka?

Jiya a filin ƙwallo na Zongo na ji ana yi wa wani mai tsaron baya ihu, "Dégage!", wato ya buga balo nesa kawai. Sai marigayi kocinmu ya faɗo mini a rai.

Ya daɗe yana tsaron baya a Parakou kafin gwiwa ta zaunar da shi ya koma koya mana, kuma ya tsani kalmar nan. Ran da muka je wasa Djougou, tsoro ya kama ni, na narka wa balo ƙafa, ta faɗa tiren wata mai tallan wagashi, cukun nan na Fulani. Da aka tafi hutu ya kira ni, yana taunar goro, yana ƙamshin man zafi.

"Ɗana, garwashi aka ba ka?"

"A'a, Baba."

"To, tsayar da ita, ka ɗaga kai, ka ba ɗan'uwanka."

Ya sa na ba matar haƙuri, ya saye wagashin, muka cinye a mota.

Har yau in aka jefo mini magana mai zafi, sai na tsayar da ita tukuna. Allah ya sanyaya makwancinka, Baba.