Faɗen Inna a Ɗakin Madan

Shekarar da Nasara suka miƙa mulki ina ƴar shekara takwas, muna zaune a Agiye. In kaka ta yi, bayan isha'i mukan kewaye wutar kara muna ɓarar gujiya, mu da mahaifiyata da uwarta, Inna Tabawa. Tsohuwar nan bakinta ya fi barkono, kuma labarin Nowel ta fi so.

Da sauran ƙarfinta ta yi wankau a gidan wani Nasara mai sayen gujiya a Maraɗi. Ta ce in sallarsu ta Nowel ta zo, sai su saro reshe su kafa tsakar ɗaki, su yi masa ado kamar amarya. Ƴaƴansu su jera takalma a gindinsa, wai wani tsoho mai farin gemu zai cika su da alewa. Wanda ba ya jin magana kuwa, abokin tafiyar tsohon ya bar masa bulala.

"Uwarkun nan tana shekara bakwai," in ji Inna, "ga kwaɗayi, ga ba takalmi. Sai ta saci faɗena, takalmina na fata, ta lallaɓa, ta aje cikin na ƴaƴan Madan."

Da safe Madan, matar Nasaran, ta iske faɗe duk ƙura a ɗakinta. Ta aza bulalar doki a kansa, ta tara baƙinta, ta sa aka kira Inna. "Tsoho ya kawo wa ɗiyarki rabonta. Ki ba ta, ko ki kwashe kayanki." Shekarar yunwa ce, ga marayu uku. Inna ta ɗauki bulala.

"Na zane ta tas! Tana tsalle tana cewa ina alewata!" Sai ta ƙyalƙyale har da hawaye, mu ma mu yi ta birgima don dariya. Allah ya yafe mana. Mahaifiyata dai ɓararta kawai take yi.

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne kwaɗayi mabuɗin wahala. Da na shiga lakol, makarantar boko, na ce a'a, muguntar Nasara ce. Sai bayan rasuwar Inna na yi ƙarfin halin tambayar mahaifiyata.

Ta ce, "Dukan ba komi, ɗiyata, da shi muka ci tuwo shekarar nan. Madan sau ɗaya ta yi mini dariya. Uwata kuwa, kowace kaka sai ta tara ƴaƴana sun taya ta."