Gawayin totuwa a gindin rijiya

Har yanzu in na ɗauki taɓarya sai in tuna Asabar ɗin nan, amma ban fasa daka ba.

Mama rini take yi a gidan da muke haya a Sabon Gari, yawanci zannuwan zumuntar mata na coci. Ruwan rinin kwata yake bi, shuɗi har bakin titi, ya gamu da baƙin man makaniken da ke ƙofar gida. Mai gidan ya ce duk ranar da ya ga launi a rijiyar gidan, mu tattara komatsanmu.

Yayata mai shara a ɗakin gwaje-gwaje a Samaru ce ta gaya min abin da ta ga ɗalibai suna yi don tace ruwa. Na tsinto totuwar masara wajen masu gasawa, na ƙona a rufaffen gwangwani, na daka, na zuba kan yashi a hudajjen bokiti. Ruwan rini ya shiga shuɗi, ya ɗigo fari-fari.

Kuskurena, a gindin rijiya nake shanya garin, don nan rana ke bugawa.

Ranar Asabar na fito na tarar mutanen gida sun kewaye shanyar. Matar makaniken ta ci kwalata.

"Baƙin garin me kike barbaɗa mana a rijiya? Tun jiya ɗana ke gudawa!"

Wani ya ce a kira 'yan sanda, wani ya ce ba sai an kira ba. Muryar na biyun ce har yau take dawo min.

Da mai gidan ya iso, na durƙusa gabansa na ce:

"Baba, a ba ni bokitina kawai."

Na kamfato ruwan kwata, rini da mai, na zuba a bokitin. Sai ga shi yana ɗigowa ɗis, ɗis a kwano, fari-fari.

"To sha mana, likita!" in ji matar.

"Ba zan sha ba, Anti. Ni ban ce ruwan sha ne ba. Namu dai ga shi mun tace. Mijinki ya tace nasa mu gani."

Mai gidan ya tsoma yatsa ya sansana, ya daɗe yana kallon makaniken. Bai sake maganar tashinmu ba. Cewa kawai ya yi in kwashe shanyata daga bakin rijiya.

Na kwashe. Ƙofar gida na mayar da ita, gefen kwata, dab da inda makaniken ke juye baƙin mai.