Na-Tsakiya, Alƙalin da Ya Rufa wa Mai Tutarsa Asiri

An haifi marigayi alƙalin wasan ƙwallon ƙafa da aka fi sani da Na-Tsakiya a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari da jirgin ƙasa ke yada zango. Mahaifinsa tela ne a bakin tasha, mahaifiyarsa kuwa ungozoma. Ya kamata mai karatu ya sani tun yanzu cewa bawan Allahn nan ya kai ƙololuwa a sana'arsa, sannan busa usur sau ɗaya ta sauko da shi.

Karatu da Fara Aiki

Ya shiga firamare a 1958, ya kammala kwalejin horon malamai a 1971, aka tura shi koyar da motsa jiki. Ƙafarsa ba ta da saiti, don haka duk wasan da za a yi sai abokai su miƙa masa usur. Mahaifinsa bai so ba, yakan ce bai ga dalilin da ɗa mai hankali zai zaɓi aikin da kullum rabin jama'a ke zagin iyayensa ba. Duk da haka shi ya ɗinka masa baƙar rigarsa ta farko, har da ƙarin aljihu na sa kati.

Aure da Ɗaukaka

A 1976 ya auri wata ma'aikaciyar gidan waya, Allah ya albarkace su da zuriya. An ruwaito cewa tun makon farko ta ce masa, "Malam, usur ɗin nan iyakarsa bakin ƙofa. Nan ciki ni ce alƙali." Bai taɓa ɗaukaka ƙara ba.

A 1985 ya shiga sahun alƙalan wasannin ƙasa da ƙasa, ya yi suna wajen natsuwa da rashin tsoron 'yan kallo. Daga baya aka haɗa shi da wani matashin mataimaki mai ɗaga tuta da ake kira Gajere. A wancan zamani babu na'urar magana a kunne, ba a kuma sake duba hoto, sai suka tsara ishara tsakaninsu: idan Gajere ya ga an yi ƙeta a gaban raga, alƙali bai gani ba, ba zai ɗaga tuta ba, zai kwantar da ita a ƙirjinsa.

Hukuncin 1993

A wasan kusa da na ƙarshe na wata gasar nahiya, ana kunnen doki, ana dab da tashi, wani ɗan gaba ya faɗi a gaban raga. Wani ɗan baya ya tare wa Na-Tsakiya gani da bayansa. Ya waiwaya, ya hangi tuta a ƙirjin Gajere, nan take ya busa fanareti, aka ci. Da talabijin ya maimaita, duniya ta ga babu wanda ya taɓa ɗan wasan. A gefen hoton kuma ga Gajere, tuta a ƙirji, hannun rigarsa dab da fuska kamar mai share gumi.

Kwamitin alƙalai ya kira Na-Tsakiya ya tambaya ko mataimakinsa ya yi masa wata ishara. Da ya ce e, da wataƙila ya tsira da gurbinsa a babbar gasar duniya mai zuwa, amma da aikin Gajere ya ƙare, ga shi da 'ya'ya ƙanana. Abin da ya ce kawai shi ne, "Usur a bakina yake." Aka cire sunansa daga jerin alƙalan gasar.

Abin da ya fi damunsa a lokacin shi ne yaransa, domin a makaranta ana bin su da fito ana yi musu ihun fanareti. Shekara guda cur shi yake raka su har ƙofar aji, ya koma ya ɗauko su.

Bayan Ritaya

Ya ajiye usur a 1996, ya buɗe shagon kayan wasanni, yana horar da sababbin alƙalai kyauta. Gajere kuwa ya ci gaba da ɗaga tuta har ya yi ritaya da mutuncinsa, kuma kusan kullum da yamma yana kan bencin shagon, suna shan shayi suna musu a kan wasannin wasu. Ban da su biyun, uwargidan Na-Tsakiya ce kaɗai ta san zancen ishara, ita ta bayyana shi bayan rasuwarsa. Ta ce ta taɓa tsare shi: "Wai Malam, ka taɓa tambayar mutumin nan kuwa?"

Ya ce, "In na tambaya ya ce gumi yake sharewa, da wa zan riƙa shan shayi?"

Ya ƙare rayuwarsa cikin rufin asiri, jikoki na hawa kansa suna busa masa tsohon usur a kunne.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 2019 bayan gajeruwar jinya, aka yi masa salla, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Gajere na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ya bar matar aure ɗaya da 'ya'ya huɗu: babbarsu ma'aikaciyar jinya ce, mai bi mata direban babbar mota, na uku malamin makaranta, sai autar da ke riƙe da shagon. Allah ya jiƙansa da rahama.

Gajere yana nan da rai, iyalan kuma ba su tambaye shi ba. Har yau ba a san ko ishara ya yi a ranar ba, ko gumi yake sharewa.