Ƙaryar da Na Yi wa Mai Awon Bishiyoyi

Shekaranjiya ana fentin ƙofofin sashenmu a jami'a, warin ya shigo ta taga ya same ni a kan tebur, sai na ajiye biro. Duk sanda na ji warin fenti sai na ga kakata a gindin ɗorawa, ta ci ɗamara da ɗankwali, tana dirzar jikin bishiyar da dutse da toka.

Ƙauyenmu yana bayan Getso, tafiyar ƙafa ce da ba ta kai awa guda ba. Kakata, mahaifiyar babana, da daddawa aka san ta. Ɗorawa huɗu gare ta a gonar da kakanmu ya bari. Idan bazara ta yi, 'ya'yan suka bushe a sama, mu ne ɗauke da gora mai ƙugiya, bakinmu rawaya da garin ɗorawa. Daga nan sai dahuwar kalwa, gida ya ɗauki warin da baƙo ke toshe wa hanci, mu kuwa ko a jikinmu.

Can ƙasan gonar akwai rafi, a bakinsa kuma kurmi ne na ɓaure da kanya da ɗinya, ga sarƙaƙiya ta ɗaure su har rana ba ta taɓa ƙasa. Jan birai na ciki, da zabin daji da makwarwa, da guza mai shan hantsi a kan dutse. Kaka ba ta ƙaunar biran nan, don gyaɗarta suke tonewa. Amma ta kafa mana doka: ba a yi wa baƙo zancen kurmi. Tun kafin a haife ni, in ji ta, wani ya ba mutumin birni labarin gadar da ke ciki, mutumin ya dawo da abokansa da bindigogi. Daga ranar ba a sake ganin gada ba.

Ina shekara goma baƙon ya zo, a farkon bazara. Saurayi ne siriri a kan babur, da igiyar awo, da littafi, da gwangwanin jan fenti. Dagaci ya ce ɗalibi ne, ya gama digiri yana neman na gaba, kuma bishiyoyi da namun dajin yankinmu yake ƙirgawa. Yana da ladabi. Ya durƙusa ya gaida Kaka, ya tambayi gida da yara da zafi da gajiya, bai tsallake ko ɗaya ba.

Ta bari sai da ya gama, sannan ta ce, "Malam, in ka gama ƙirgawar, wa za ka kai wa?"

"Makaranta, Inna."

"Ita makarantar wa za ta kai wa?"

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Kwana biyu yana zagaya gonaki. Ya kewaya bishiya da igiya, ya rubuta, ya shafa mata jan fenti don kada ya maimaita ta. Mutane na kallonsa daga nesa. Wasu suka ce gwamnati za ta sa wa itatuwa haraji, wasu suka ce hanya za a fitar. Yana juya baya Kaka ta goge na bishiyoyinta tas, har ɓawon ya yi fari.

A rana ta uku ya same mu muna kaɗo ɗorawa. Ya tambayi Kaka ko akwai namun daji a wajen rafi. Ta ce ita dai ban da ƙadangare ba ta san komai ba, kuma macizai sun yi yawa, kada ya shiga. Sai ya juyo gare ni.

"Ƙanwata, ke fa? Kin taɓa ganin biri ko zabon daji a nan?"

Da safiyar ranar na jefi biri da hoge. Na dubi Kaka. Ba ta dube ni ba, kwandonta kawai take gyarawa.

Na ce, "Ban taɓa gani ba."

Ya rubuta. Ina tuna yadda ya ɗan tsaya yana kallon kurmin kafin ya rufe littafin, kamar bai gamsu ba. Bai dai shiga ba.

Da rani ya zagayo, wasu mutane suka zo da injin sare itace, suka kayar da manyan ɗorawa uku a gonar maƙwabcinmu, duka masu jan fenti. Babana ya ce mai gonar ne ya sayar da kansa, babu ruwan ɗalibin. Kaka ta ce, to wa ya nuna musu hanya? Har ta rasu ba ta sauka daga kan maganarta ba. Ni ma har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba.

Kurmin kuwa ba baƙo ne ya ci shi ba. Mu ne, a hankali. Wannan ya ƙara kadadar lambu don noman rani, wancan ya ƙona gawayi, rafin ya koma yashi sai an tona. Ban san shekarar da biran suka tafi ba, sai dai wata damina aka lura gyaɗa ta kai kaka ba wanda ya taɓa ta.

Yanzu ni ce ke karatun digiri na biyu, a kan namun dajin da suka ɓace tsakanin Gwarzo da Kabo. Bara na tsinci kundin saurayin nan a ɗakin karatu, bangonsa ya koɗe. Na sami ƙauyenmu a ciki. Ya rubuta cewa mazauna wurin, manya da yara, ba su san da biri ko zabon daji ba. Yaran nan ni ce.

Na kai wa malamin da ke duba aikina, na ce rubutun ba daidai ba ne, da idona na ga biran. Ya ce abin da yarinya 'yar shekara goma ta tuna ba hujja ba ne, ga rubutaccen bayani a gabanmu. Na ce ai wannan yarinyar ce ta ba da bayanin. Ya cire tabarau ya daɗe yana dubana, irin duban wanda ke tunanin ko yanzun ne ake yi masa ƙaryar. Ya ce in je in nemo dattawa su faɗa da bakinsu.

Na tafi Dugabau wajen gwaggona, ƙanwar babana, wadda a nan take aure. Bayan mun gaisa na ajiye waya a kan tabarma, na ce zan ɗauki muryarta.

"Wa zai saurara?"

"Malamaina, Gwaggo."

Sai ta fara. Ta lissafo birai da gada da zabi, da dilan da ke ɗauke musu kaji, da inda kowanne yake kwana. Da na tambaye ta ko akwai abin da ya rage, sai ta ce in kashe wayar. Ta karɓa ta juya ta, ta tabbatar ta mutu, sannan ta gaya mini wani kwari da har yanzu makwarwa ke ƙwai, guza ma yana nan.

"Waɗanda suka tafi ki rubuta su, 'yata, ba abin da za a ƙara yi musu. Waɗannan ki ƙyale su."

Na je kwarin da hantsi. Na ga sawu a kan yashi, na ji tashin fukafukai cikin ciyawa. Na'urar da ke nuna daidai inda wuri yake tana cikin jakata, ban fito da ita ba.

Na san abin da aka koya mini: abin da ba a rubuta ba, babu mai tsayawa ya kare shi. Na kuma san kundi ba ya zaɓar mai karanta shi. A takardar da zan miƙa akwai gurbin da ake cike wurin da aka ga dabba. Sau biyu malamina yana tambayata me ya sa na bar shi fayau. Na ce masa ina kan dubawa.